PSP ko TDD: wane horo za ka fara ba masu rubuta manhajarka?

A ce kai ne shugaban masu rubuta manhaja a wurin aikinku, mutum takwas ko goma a ƙarƙashinka, kuma bayan dogon naci an yarje maka mako biyu ka janye su daga aiki ka ba su horo. Ƙorafin da ke zuwa teburinka kullum bai wuce biyu ba. Aikin da aka yi alkawarin gamawa cikin wata ɗaya sai ya ci uku, abin da aka miƙa wa mai shi kuma sai ya dawo da kurakurai kamar ba a taɓa gwada shi ba. Ka ƙara yawan taro, ka sauya manhajar bin diddigin aiki, amma jiya i yau. Yanzu ka gane cewa ɓarnar tana faruwa ne a lokacin da kowa ya zauna shi kaɗai gaban kwamfutarsa, kuma can kake son horon ya taɓa.

Hanyoyi biyu ne suka yi suna a wannan fage. Ta farko PSP, tsarin da injiniya yake auna aikin kansa da kansa, ya gyara halinsa bisa abin da alƙaluma suka nuna masa. Ta biyu dabarun XP (Extreme Programming), salon gina manhaja a ƙananan matakai, musamman TDD, inda ake rubuta gwaji kafin a rubuta kod ɗin da za a gwada, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Na bi ta cikin duka biyun, kuma abin da na gani shi ne kowacce da ciwon da take warkarwa. Kafin ka zaɓa, sai ka san wanne ne yake cin mutanenka.

Watts Humphrey ne ya ƙirƙiro PSP. Ya shafe shekara 27 a IBM, sannan a 1986 ya koma SEI, cibiyar binciken aikin manhaja ta Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka, inda ya jagoranci aikin da ya haifar da CMM, ma'aunin nan mai matakai biyar da ake tantance ƙwarewar kamfani da shi. CMM da kamfani yake magana ɗungurungum. Abin da ya dami Humphrey daga baya shi ne ko waɗannan ƙa'idoji za su yi aiki a hannun mutum ɗaya mai rubuta ƙaramar manhaja. Sai ya mai da kansa zakaran gwajin dafi, ya rubuta ƙananan manhajoji sama da 60 yana lissafa kowane minti da kowane kuskure. A 1995 ya fitar da littafin da kwas ɗin ya tsayu a kansa.

Kwas ɗin a asalinsa manhajoji goma ne ɗalibi zai rubuta, daga baya aka rage su zuwa takwas, kuma nauyin yana ƙaruwa mataki-mataki. A matakin farko, PSP0, ba a ce ka canza komai ba. Ka yi aiki yadda ka saba, illa dai ka ajiye rajista biyu a gefe. Ɗaya ta lokaci: ka fara tsara aikin ƙarfe 9:10, ka tsaya 9:55, a tsakani an kira ka a waya minti 12, sai ka cire su, saura 33. Ɗayar ta kurakurai, kuma ita ce zuciyar abin. Duk kuskuren da ka gano, ko da ɗigo ne ka manta, za ka rubuta nau'insa cikin nau'o'i goma da aka ware, da matakin da ka shigar da shi, da matakin da ka kama shi, da mintocin da gyaransa ya ci. Layi ɗaya zai iya zama haka: kuskure na bakwai, na tantance bayanan shigowa, ya shiga a wajen zane, an kama shi a wajen gwaji, gyara minti 41, ban yi tunanin jerin zai zo babu komai a cikinsa ba.

Daga nan matakan suna hawa. PSP1 yana koyar da ƙiyasi ta hanyar da ake kira PROBE. Kamar yadda magini yake duban yawan ɗakuna da girmansu ya faɗa maka abin da gini zai ci, haka kake raba aikin gida-gida, ka ce wannan ƙarami ne sosai, wannan matsakaici, wancan babba, sannan lissafi ya haɗa wannan da tarihin ayyukanka na baya ya ba ka layuka nawa da awa nawa, har da iyakar sama da ta ƙasa da ƙiyasin zai iya kaucewa. Sai da aƙalla ayyuka uku na baya lissafin yake fara tsayuwa. PSP2 kuma shi ne bita: ka karanta zanenka da kod ɗinka da idonka, a tsanake, kafin ka gwada su. Ƙa'idar ta ce kada ka wuce layi 200 a awa ɗaya, lokacin bitar kod ya kai rabin lokacin rubuta shi, lokacin zane kuma kada ya gaza lokacin rubuta kod. Jerin abubuwan da kake dubawa ba daga littafi kake kwafo shi ba, daga rajistar kurakuranka kake fitar da shi.

Humphrey ya sha faɗin cewa ko gogaggen injiniya yakan shigar da kusan kuskure 100 a kowane layi 1,000. Lokacin da na fara jin wannan na ɗauka da wasu yake, don ina ganin kaina mai taka-tsantsan. Bayan manhaja ta shida na zauna na jera rajistata, sai ga shi mafi yawan lokacin da na ɓata wajen gyara ya tafi ne kan abu iri ɗaya: bakin iyaka. Jeri marar komai, abu na ƙarshe a jeri, sifili a inda na zaci lamba. Shekaru ina wannan kuskuren, kowane karo ina ɗaukarsa tsautsayi, saboda laifi tudu ne, kuma nawa ban taɓa hango shi ba sai da takarda ta ajiye min shi a gabana. Babu wani horon da na sani da yake yi wa mutum wannan.

Hujjar da aka fi kafawa da ita rahoton SEI ne na 1997, wanda Will Hayes da James Over suka yi a kan injiniyoyi 298 da suka yi kwas ɗin. Sun samu cewa ƙiyasi ya ƙara kusantar gaskiya, kurakuran da ake kamawa a gwaji sun ragu sosai, saurin aiki kuma bai faɗi ba. Sai dai a lura, alƙaluman na cikin aji ne, manhajojin ƙanana ne, mai kayan kuma shi ne ya auna kayansa. A 1998 Philip Johnson da Anne Disney na Jami'ar Hawaii sun bi bayanan ɗalibai goma a ayyuka 89, suka tarar da kurakurai sama da 1,500 a cikin bayanan PSP ɗin kansu, na lissafi da na kwafe da na mantuwa. Wannan ne ya kai Johnson ga gina Hackystat, manhajar da ke tattara bayanan da kanta ba sai mutum ya tsaya rubutawa ba. Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Mutane suna gama kwas, su koma wurin aiki inda babu mai tambayar rajista, wa'adi ya matso, bayan wata biyu rajistar ta zama tarihi. Humphrey ya ga haka, shi ya sa a ƙarshen shekarun 1990 ya fito da TSP, wato PSP a matakin ƙungiya, inda ƙungiyar da duk mutanenta suka yi PSP take zama kwana huɗu ta tsara aikinta tare da mai horarwa da zai ci gaba da bibiyarta.

XP daga wata duniyar ta fito. Kent Beck ya haɗa ta a 1996 a wani aikin manhajar biyan albashi na kamfanin Chrysler, tare da Ron Jeffries da wasu, ya rubuta ta a littafi a 1999, kuma yana cikin mutum 17 da suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah a 2001 suka fitar da sanarwar Agile, wadda ta bayyana aƙidar gina manhaja kaɗan-kaɗan ana sauyawa daidai da buƙata. A 2002 ya ware wa TDD littafinta. Shi da Erich Gamma ne suka rubuta manhajar JUnit, wadda ta mai da gudanar da gwaji abin danna maɓalli ɗaya.

Ga yadda abin yake a hannu. Ana son ɗan aikin da zai faɗi ko shekara tana da kwana 366. Ka fara rubuta gwaji: 2024 ta ba da eh. Ka gudanar, ya nuna ja, don babu kod tukuna. Ka rubuta mafi sauƙin abin da zai wuce, ya koma kore. Ka ƙara gwaji: 2023 ta ba da a'a. Yanzu dole ka shigo da rabawa da huɗu. Sai 1900, wadda huɗu ke raba ta amma kwananta 365 ne. Ja kuma. Ka gyara. Sai 2000, wadda ɗari ke raba ta amma tana da kwana 366 saboda 400 ma yana raba ta. Ka gyara, ya yi kore, sannan ka tsaya ka share kod ɗin, ka kyautata sunaye, ka cire maimaici, gwaje-gwajen huɗu suna tsaron bayanka. Kowane zagaye minti biyu ko biyar. Babu agogo, babu fom, babu rajista.

Ita ma tana da hujjarta. A 2008 Nachiappan Nagappan da abokan aikinsa sun duba ƙungiyoyi huɗu, uku a Microsoft ɗaya a IBM, suka samu kurakurai sun ragu da kashi 40 zuwa 90 cikin ɗari idan aka kwatanta da makamantan ayyuka da ba su bi TDD ba, lokacin aiki kuma ya ƙaru da kashi 15 zuwa 35. Ƙungiyoyi huɗu ba duniya ba ne, kuma binciken da ya biyo baya bai zama baki ɗaya ba. Wanda ya fi burge ni shi ne na Davide Fucci da abokansa, da ya nuna cewa amfanin ya fi rataya ga tafiya da ƙananan matakai masu tsawo iri ɗaya, fiye da ko gwajin ne ya riga kod ko kod ne ya riga gwaji. Rubuta kod mutum biyu a kwamfuta ɗaya, wanda shi ma ɗan gidan XP ne, binciken Erik Arisholm na 2007 a kan ƙwararru 295 ya nuna ya fi amfanar sababbin hannu a aiki mai sarƙaƙiya, a wajen gogaggu kuma ribar ba ta taka kara ta karya ba.

To, idan aka jera su gefe da gefe fa?

A wajen ƙiyasi babu gasa. TDD ba ta ce komai a kai ba, XP kuma a matakin ƙungiya take yinsa: ana raba aiki zuwa gajerun zanguna, abin da kuka gama a zangon da ya wuce, shi za ku ɗauka a mai zuwa. Wannan yana aiki idan tambayar ita ce me za a gama nan da mako biyu. Idan kuwa kwangila ce da za a sa hannu a kan rana da kuɗi tun kafin a fara, PROBE ce ke ba ka abin riƙewa. Rauninta shi ne dogaro da ƙidayar layuka. A aikin yau da yawancinsa haɗa kayan da wasu suka riga suka rubuta ne, ko kod ɗin da mataimakan ƙirƙirarriyar basira suke zubo maka cikin daƙiƙa, layi 300 zai iya zama aikin minti goma, layi uku kuma na kwana biyu. Ana iya sauya ma'aunin zuwa yawan shafukan allo ko teburan bayanai, amma sai ka sake tara tarihi daga tushe.

A wajen kurakurai kuwa, kowacce da irin kifin da tarunta ke kamawa. Gwaji yana kama abin da ka yi tunanin gwadawa ne kawai. Wanda bai san labarin 1900 ba zai rubuta gwajin 2024 da 2023, ya ga kore, ya tafi gida da farin ciki. Edsger Dijkstra ya daɗe da gargaɗin cewa gwaji yana nuna akwai kuskure, amma ba ya nuna babu. Bita irin ta PSP ita ce ke tilasta maka tambayar abin da ka manta. Amma bita da zarar an gama ta, ta tafi. Gwajin TDD yana zama a rumbun kod, kuma bayan shekara biyu, ranar da wani sabon ma'aikaci ya taɓa wurin da bai fahimta ba, shi ne zai yi ƙara. Ga manhajar da za a yi ta sauya wa fasali shekara da shekaru, wannan ya rinjayi kusan komai. Akwai kuma sashen PSP da zamani ya wuce: nacewa kan bitar kod kafin a miƙa shi ga kamfaila, manhajar da ke fassara kod zuwa yaren na'ura, ya fi ma'ana a zamanin da ba a da editan da ke ja maka jan layi tun kana cikin bugawa.

Zane ma sun sha bamban a kansa. Matakin PSP2.1 yana so ka rubuta zane cikakke a samfura huɗu kafin ka taɓa kod, ka kuma yi bitarsa. XP tana barin zane ya tsiro a hankali, ana gyara fasali a kowane zagaye. Inda buƙatu suke a tsaye kuma kuskure na iya cin rai, kamar manhajar jirgin sama ko ta na'urar asibiti, hanyar Humphrey ta fi zama daidai, kuma ba banza ba ne sashen jiragen sama na sojan ruwan Amurka da sansanin Hill na sojan sama suka kasance cikin fitattun masu amfani da TSP. Inda mai aikin kansa bai san abin da yake so ba sai ya gani, cika samfura huɗu a kan abin da za a rushe ranar Litinin zuba ruwa ne a rariya.

Abin da ya kamata ya fi tsaya maka a rai, kai shugaba, shi ne wacce za ta rayu bayan an tashi daga aji. A nan TDD tana da gata. Gwaji abu ne da kowa ke gani, kuma ana iya saita na'ura ta ƙi karɓar duk kod ɗin da ya karya shi, don haka ko ranar da himma ta yi sanyi tsarin yana riƙe mutum. PSP a cikin rajistar sirri take zaune, babu mai riƙe ta sai mai ita. Kuma tana da wani haɗari da TDD ba ta da shi sosai. Humphrey ya nace cewa bayanan na injiniya ne, kada a auna ƙwazonsa ko a yanke masa albashi da su. Na taɓa aiki a wani wuri da wani manaja, da kyakkyawar niyya, ya ce a riƙa turo masa rajistar kurakurai duk ƙarshen mako don ya ga inda za a taimaka. Kafin wata ya cika, rajistar kowa ta yi fes. Mutumin da ke rubuta kuskure ashirin ya koma rubuta uku, manhajar kuma tana nan da ramukanta. Idan ka san ba za ka iya kare mutanenka daga irin wannan tambaya daga sama ba, kada ma ka fara PSP, don za ka koya musu ƙarya ne da alƙaluma.

Ta fuskar wahalar horon, PSP ta fi nauyi. Mako biyun nan naka za su ƙare kaf a kanta, kowace manhaja tana cin awoyi, kuma dole a sami malamin da zai duba kowane fom ya mayar da wanda ba a cika daidai ba. SEI ta saki kayan karatun kyauta, akwai kuma Process Dashboard, manhaja ta kyauta da ke ɗauke maka lissafin, amma malaman da suka ƙware sun yi ƙaranci. TDD ana koyon zagayenta cikin kwana biyu ko uku, kayan aikinta suna cikin kowane yaren shirye-shirye. Tarkonta yana gaba: a aji ana wasa da kod sabo fil, a ofis kuwa tsohon kod ne mai shekara goma da ba a gina shi don gwaji ba, ko'ina a manne da ko'ina. Horon da bai shiga cikin wannan tsohon kod ɗin tare da mutanenka ba, kuɗinka ya tafi a banza.

Wani zai ce ina CMMI, ina shaidar Scrum ta kwana biyu? Ba sa cikin wannan tseren. CMMI, magajiyar CMM, wadda take hannun ƙungiyar ISACA tun 2016, tana tantance tsarin kamfani ne, Scrum kuma tana tsara yadda ƙungiya ke raba aiki da zama taro. Babu ɗayansu da ke koya wa mutum abin da zai yi da yatsunsa ƙarfe goma na safe.

Don haka ga yadda nake ganin zaɓin. Ka ɗauki PSP cikakkiya, da niyyar wucewa zuwa TSP, idan aikinku na kwangila ne mai tsayayyen wa'adi, ko kuskurenku yana da tsadar da ba a iya biya, kuma shugabannin sama sun yarda a rubuce cewa ba za su leƙa rajistar kowa ba. Ka ɗauke ta kuma idan kai kaɗai ne, ɗalibi ko mai zaman kansa, kana son sanin kanka. Ko da ka watsar da fom ɗin bayan wata uku, abin da ka gani ba zai goge ba. Ka ɗauki TDD da 'yan uwanta idan manhajarku mai dogon rai ce da ake sabuntawa kowane mako, idan kalmar da ka fi ji a ofis ita ce "kar ka taɓa wurin nan", ko idan mutane suna yawan shigowa da fita, kana buƙatar ilimi ya zauna a rumbu maimakon a kan mutum ɗaya.

Yawancin ƙungiyoyin da na sani a rukuni na biyu suke, kuma da ni aka ba mako biyun, ga yadda zan kashe su. Kwana uku na farko zagayen ja da kore a kan ƙananan atisaye, har hannu ya saba. Kwana biyar a cikin tsohon kod ɗinmu, mutum bibbiyu, ana koyon yadda ake ɓalle wani sashe a sa masa gwaji ba tare da an rushe gini ba. Kwana biyun ƙarshe zan ara daga Humphrey abu uku kacal. Kowa ya buɗe rajistar kurakuransa, mai ginshiƙi huɗu, wadda ba mai gani sai shi. Kafin ya fara kowane aiki ya rubuta awa nawa yake zato, bayan ya gama ya rubuta nawa ya ci. Bayan mako shida kuma ya zauna da rajistar rabin awa, ya fitar da kurakurai biyar da suka fi cin lokacinsa, ya mai da su jerin da zai bi da idonsa kafin ya tura kod ga abokin bita. Nawa jerin har yau layinsa na farko bai canza ba: idan jerin ya zo babu komai, me zai faru?